Daga Dutsen Maigatari Zuwa Taurarin Nesa

 

Ina gaishe ku mutanen Gumel Lautai. Ina gaishe ku mutanen Maigatari, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar. Gaisuwa ga 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, waɗanda muryarmu ke iskewa a ƙasar Nijar. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. 'Yan majalisar mai shayi, a ɗan ƙara wa rediyon murya.

Yau zancen sama za mu yi. Na san wani zai ce, malam, ana fama da tsadar taki da kuɗin mota, kai kuma ka zo mana da taurari? Maganarka tana kan hanya, kuma zan dawo kanta. Amma ka ba ni aron kunnenka tukuna. Zancen nan daga ƙasarmu zai tashi.

Ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 2004, damina ta yi tsaka, wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Maigatari. Abin da aka tsinta bai kai kilo 5 ba. Masana sun duba shi, sun tabbatar ba dutsen duniyar nan ba ne. Suka shigar da shi kundin da ake rubuta duwatsun sama na duniya baki ɗaya. Sunan da ke kansa a kundin nan shi ne Maigatari-Danduma. Manyanmu na wannan yanki, na tabbata a cikinku akwai masu tuna lokacin.

To ku riƙe mini wannan dutse a zuci. Za mu je nesa, sannan mu dawo gare shi.

Masu sauraro, ga maganar da nake so mu kwana da ita yau. Abin da ka gani a sama ba na yau ba ne. Zan maimaita. Duk abin da idonka ya gani a sama, tsohon labarinsa kake gani.

Bari in yi bayani.

Haske tafiya yake yi. Mu dai muna ganin da an kunna tocila haske ya isa bango, sai mu ɗauka babu tafiya a ciki. Akwai. Sauri ne ya yi yawa. A daƙiƙa ɗaya, haske na cin kilomita kusan 300,000. A iya binciken masana, babu abin da ya kai shi gudu.

Duk da wannan gudu, nisa kan sa shi ya daɗe a hanya. Hasken wata na iso mana cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Hasken rana kuwa sai ya yi minti 8 da ɗan ɗori. Wato ranar da manomi ke dubawa ya ce hantsi ya yi, ranar minti 8 da suka wuce ce.

Mu ƙara gaba. Kun san Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya. Babu ɗan ƙauyen da bai san su ba. Haskensu yakan yi shekara 440 ko kusa da haka kafin ya iso idonmu. Ku auna da tarihinmu. Masarautar Gumel ta kafu ne wajajen 1750. Jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804. Hasken Kaza da 'Ya'yanta da za ka gani bana ya baro gida tun ba a yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Yana hanya aka kafa sarauta. Yana hanya sarautar ta baro Tumbi ta dawo Gumel. Yana hanya Turawa suka zo, yana hanya suka tafi. Sai a daren nan ya faɗa idonka.

Kun ji ko? Abin da ka gani a sama ba na yau ba ne.

Yanzu mu juya ga maganar girma. A nan lissafi ke gagarar kai, don haka zan kawo misali ɗaya, mu bi shi a hankali.

Mu ƙaddara mun ƙanƙance komai. Rana ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Ka ajiye ta a ƙofar fadar Gumel. Ka yi babban taku ɗaya, mita guda. Nan duniyarmu take, kuma ba ta kai ƙwayar rairayi ba. Duk tekuna da sahara da Makka da Legas suna kan wannan ɗan ƙura. Ka yi taku 30, ka iso duniya ta ƙarshe cikin takwas da ke zagaya rana. Ko bakin titi ba ka kai ba.

To ina tauraron da ya fi kusa da mu? Sai ka nemi mota. Ka bar Gumel, ka isa Kano, ka wuce, ka doshi Zariya. Can wajajen Zariya za ka tarar da shi, shi ma ɗan mitsitsi. Tsakanin ƙwayar gyaɗar Gumel da maƙwabcinta na Zariya babu komai sai sarari. Wannan fa maƙwabci ne na ƙofar gida.

A nan misalin nawa zai tsaya, don gaba ba zai iya ɗauka ba.

Ranarmu tauraro ce, kusanci ne ya sa ta fi sauran haske a idonmu. Tana cikin wani babban garken taurari. In dare ya yi duhu, babu wata, za ka ga wani farin ziri ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Wannan zirin shi ne garkenmu, muna hangensa daga ciki. Taurarin da ke cikinsa sun haura biliyan 100. Haske, da duk gudunsa, sai ya yi shekara kusan 100,000 kafin ya ratsa shi.

Bari in tsaya kan kalmar biliyan. Mun saba jin ta a kasafin kuɗi har ta daina ba mu tsoro. Idan ka zauna kana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, miliyan ɗaya za ta ɗauke ka kwana 12. Biliyan ɗaya kuwa sai ka haura shekara 31. Taurarin garkenmu kaɗai, sai ka yi fiye da shekara 3,000 kana ƙirga. Ba ka ma taɓa na maƙwabta ba.

To akwai maƙwabta ne? Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, da yawansu na ganin garkenmu shi ne iyakar halitta.

Amma tun da daɗewa akwai wanda ya hango alama. Wani malamin falaki Musulmi, mutumin Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta littafi kan taurari wajajen shekarar 964. A ciki ya ambaci wani ɗan tabo a arewacin sama, mai kama da guntun gajimare. Da ido kawai ya gan shi. Shi ne rubutu mafi daɗewa da aka sani kan wannan tabo, wanda yau ake kira Andiromeda. Aka yi shekara kusan dubu ana kallonsa ba a san mene ne ba. Sai a 1923 wani Ba'amurke, Edwin Hubble, ya saita babban madubin hangen nesa a kansa daga wani tsauni a Kalifoniya. Ya gano ashe wani garke ne daban, cike da taurari, can waje da namu. Haskensa na yin shekara miliyan biyu da rabi kafin ya zo nan.

Masu sauraro, na ji kamar wani dattijo yana cewa, yaro, wa ya je can da igiyar awo? Tambaya ce mai kyau. Bai kamata a karɓi magana don kawai Bature ya faɗa ba. Bari mu ga yadda ake awon.

Ka miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon dama, ka dubi yatsan. Buɗe shi, ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Matso da shi kusa da fuska, tsallen ya ƙaru. Nesanta shi, tsallen ya ragu. Da wannan dabara ake auna taurarin kusa. A ɗauki hoton tauraro yau. A jira wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. A sake ɗauka. Gwargwadon tsallen da ya yi, gwargwadon kusancinsa.

Na nesa ba sa tsallen da za a gani. A nan wata mata ta buɗe ƙofa. Sunanta Henrietta Leavitt, tana aikin duba hotunan sama a Jami'ar Harvard. Ta lura da wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 ta nuna cewa wanda ya fi jinkirin wannan bugu shi ya fi ƙarfin haske na asali. In ka san ainihin ƙarfin hasken abu, ka kuma ga yadda ya dusashe a idonka, ka san nisansa. Da awon wannan baiwar Allah Hubble ya auna Andiromeda. Iyaye masu 'ya'ya mata a makaranta, ku riƙe wannan.

To mu zo kan hotunan da suka jawo hirar tamu.

Iskar da ke lulluɓe da duniya rahama ce gare mu, amma tana dama wa mai kallon sama lissafi. Ita ke sa taurari ƙyaftawa. Ga ƙura, ga gajimare, mu nan ga hazon hunturu. Shi ya sa masana suka ce a ɗaga madubin a kai shi sama da iska. A watan Afrilun 1990 aka harba wanda aka sa wa sunan Hubble. Da farko abin kunya aka yi, don an sami kuskure a wajen ƙera madubin, hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi. Sai a ƙarshen 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara.

A watan Disambar 1995, shugaban cibiyar da ke kula da shi, Robert Williams, ya yi wata kasada. Ya sa aka juya madubin ga wani ɗan gurbi a sama inda ba a ganin komai. Kwana 10 yana kallon duhu. Wasu abokan aikinsa na ganin ɓarnar lokaci ce. Da hoton ya fito, sai ga garken taurari kusan 3,000 a wurin da aka ce babu komai.

Sai kuma babban yayansa a aiki, ko da yake ƙane ne a shekaru. Ranar 25 ga Disambar 2021 aka harba madubin James Webb daga Kuru, a gaɓar Kudancin Amurka. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin hukumar NASA ta Amurka da takwarorinta na Turai da Kanada. Faɗin madubinsa mita shida da rabi. Babu rokar da za ta ɗauke shi a buɗe, don haka aka yi shi gida 18, aka naɗe, ya je can ya warware kansa. An shafe fuskarsa da zinariya, amma kada 'yan kasuwa su tashi tsaye, duk zinariyar ba ta kai giram 50 ba. Yana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, wato ninki huɗu na nisan wata. In ya lalace a can, babu makanikin da zai je.

Ranar 11 ga Yulin 2022 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nuna wa duniya hotonsa na farko. Na san da yawanku kun gan shi a waya. Baƙin fili, cike da ɗige-ɗigen haske, ja da fari da ruwan lemo.

Ga abin da ba kowa ya sani ba game da hoton nan. Ka ɗauki ƙwayar rairayi ɗaya a kan yatsa. Ka miƙa hannu sama iyakar tsawonsa. Ɗan wurin da ƙwayar ta rufe, shi ne faɗin abin da aka ɗauka. A cikinsa akwai dubban garkuna. Masu tsinin haske kamar ƙaya, su ne taurarin gidanmu da suka shiga gaba. Su 'yan kaɗan ne. Kusan duk sauran ɗigon da ka gani, garke ne sukutum, mai ɗauke da miliyoyi ko biliyoyin taurari. Yanzu ka tambayi kanka, ƙwayar rairayi nawa za ta rufe sama duka?

Masu sauraro, ga inda nake so mu iso. A tsakiyar hoton akwai wani gungu na garkuna masu farin haske. Masana sun ce hasken wannan gungu ya yi shekara biliyan 4.6 yana tafiya.

To ku miƙo mini dutsen nan da na ba ku ajiya.

Dutsen Maigatari yana cikin jinsin duwatsun sama da suka fi yawan faɗowa. Asalinsu daga wani fili ne tsakanin duniyar Mars da ta Mushtari, inda ɓaraguzai ke yawo suna zagaya rana. Ragowar kayan gini ne, waɗanda ba su shiga jikin kowace duniya ba. Ana gane shekarunsu ta hanyar ma'adinai irin su yuraniyam, wanda ake haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar. Yuraniyam na rikiɗa ya koma dalma a hankali, a kan ma'aunin da ba ya sauri ba ya jinkiri. In ka auna nawa ya rikiɗa, nawa ya rage, ka san tsawon zamanin. Da aka auna irin waɗannan duwatsu, sai aka sami shekara biliyan huɗu da rabi da 'yan kai.

Kun ga abin? Dutsen da ya faɗo a ƙasar Maigatari, da hasken da ke tsakiyar hoton Webb, kusan sa'o'in juna ne. Lokacin da hasken can ya kama hanya, a lokacin ne dutsen nan ke curewa. Rana tana jaririya. Duniyarmu ba ta gama haɗuwa ba. Ɗaya ya yi ta zagaya rana, ɗaya ya yi ta keta sarari. Dutsen ya sauka a 2004. Hasken ya faɗa madubi a 2022. Bayan tafiyar shekara biliyan huɗu da rabi, shekara 18 ce kawai ta raba isowarsu.

Shi ya sa na ce zancen nan namu ne. Abin da Amurka ta kashe dukiya don ta hango zamaninsa, mu an jefo mana guntunsa har gida.

Kuma ba a nan hoton ya tsaya ba. A bayan gungun akwai wasu jajayen ɗigo, wasu ma sun lanƙwashe kamar lauje. Nauyin gungun ne ke tanƙwara hasken da ya biyo ta gefensa, ya kuma ƙara masa girma. Waɗannan jajaye sun fi nisa nesa ba kusa ba. Akwai masu hasken da ya haura shekara biliyan 13 a hanya. Masana na ƙiyasta shekarun sararin nan duka a biliyan 13.8. A 2024 Webb ya hango wani garke kamar yadda yake tun sararin bai cika shekara miliyan 300 ba. Abin ya ba masanan kansu mamaki, don ba su zaci za a sami garkuna masu haske haka da wuri ba. Yanzu suna ta sake duba lissafinsu. Ni wannan ya fi burge ni. Mai ilimin gaskiya, in hujja ta zo, gyarawa yake yi.

Abin da ka gani a sama ba na yau ba ne. Mafi nisa, shi ne mafi tsufa.

Yanzu bari in amsa wata magana da ke yawo a majalisu. Ana cewa hotunan nan haɗin kwamfuta ne. A cikin maganar akwai gaskiya kaɗan, kuma gara a faɗe ta. Galibi Webb ba ya ɗaukar irin hasken da idonmu ke gani. Yana ɗaukar wani haske ne da ke gaba da ja, wanda fata ke ji a matsayin ɗumi. Dalili kuwa, sararin samaniya yana buɗewa, kuma hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe har ya fita daga abin da ido ke kamawa. Shi ya sa aka yi wa madubin laima mai hawa biyar, don kada zafin rana ya rufe masa ido. In saƙon ya iso ƙasa, sai ma'aikata su ba kowane kashi na hasken launin da za mu iya gani. Launin, zaɓin mutane ne. Garkunan da wuraren da suke, ba wanda ya zana su.

In kana so ka ga irin wannan haske da kanka, ɗauki rimot na talabijin. Ka saita kansa ga kyamarar waya, ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan ƙwan yana walƙiya, alhali idonka bai ga komai ba. Yara, ku gwada wannan a gida.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi nauyi. Wani zai ce, shin wannan bincike bai shiga hurumin da ba namu ba? Ni ba malami ba ne, kuma fatawa ta malamai ce. Amma tarihi a buɗe yake. Duban sama don sanin lokaci tsohon aikinmu ne. Duk ƙarshen Sha'aban muna fita neman jinjirin wata, mu kasa kunne mu ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Malamanmu na zaure sun san taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14. Tsofaffin manoma har yau suna tambaya ko Nasara ta shiga, ko Ɗarfa ta kama. Ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da malamai suka yi gargaɗi a kai shi ne duba, wato cewa tauraro ne ke ba da arziki ko aure ko mutuwa. Masu madubin Webb ba wannan suke yi ba. Su awo suke yi, nisa nawa, zafi nawa, shekara nawa. Ni dai ban taɓa kallon hoton nan na ji na ƙara girma ba. Abin da ke zuwa bakina shi ne Allahu Akbar.

To mu dawo kan mai maganar taki, don na yi masa alkawari. An kashe wa madubin Webb dala kusan biliyan 10. Kuɗi ne masu yawa. Ba kuma zan ce maka hoton garken taurari zai sauko da farashin buhu ba. Ba zai saukar ba. Babu mai cewa Jigawa ta ƙera irinsa. Amma ilimin da ya kai shi can, shi ne ya kai taurarin ɗan'adam da ke hango hadari kafin ya iso, waɗanda ake dogara da su wajen hasashen damina. Najeriya ma tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraronta na farko a 2003. Wanda zai yi wannan aiki gobe, yau yana aji uku a wata firamare. Wataƙila a Gagarawa take.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda rabonmu ke wuce mu. Ku ji wannan. A watan Oktoban 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya aka gano ɓallen duniyar Mars ne, don iskar da ke maƙale a cikinsa ta dace da wadda aka auna a can. Yau gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. A 1996 har an liƙa ɗan ƙanƙanin guntunsa a jikin wani kumbo da aka tura Mars. Ɗan makarantar Katsina nawa ne ya taɓa jin wannan? A 2023 an tsinci wani, mai kusan kilo 25, a yankin Agadas. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Sama tana ba mu, wasu suna karantawa. Laifin ba na masu karatun ba ne.

Saboda haka, in Allah ya sa irin wannan ya sake faɗowa a gonar wani, kada a farfasa shi. Kada a jiƙa shi a sha da sunan magani. A lura da wurin da lokacin. A sanar da mai gari da hakimi, a nemi malaman kimiyya na kwalejin ilimi ta Gumel ko na jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa. Ko za a sayar, a san abin da ake sayarwa, a kuma bar wani abu a gida da yara za su gani.

Akwai kuma wata dukiya da muke da ita ba mu lissafa ta. Wani bincike da aka fitar a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zirin nan daga inda suke zaune. Hasken lantarkin birane ya shafe musu shi. Kada a ce na yabi rashin wuta. Ina son wuta kamar kowa. Amma yaron da ke kwana a tsakar gida a ƙauyen Sule Tankarkar yana da saman da ɗan Landan sai ya yi tafiya ya biya kuɗi kafin ya gani. Abin da ya rasa shi ne mai nuna masa da yatsa.

To jama'a, ga aikin gida. Ku bari ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, kafin hazo ya sauko. Wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ke nan. Ku zaɓi daren da babu wata. Bayan sallar isha'i, ku fita bayan gari ko bakin gona, ku tafi da yara. A kashe tocila, a sa waya a aljihu. Ku ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu. Za ku ga Kaza da 'Ya'yanta ta gabas. Sai ku fuskanci arewa. Akwai taurari biyar masu haske da suka yi zikzak. Ku ɗaga kai sama da su, wajen tsakiyar sama. Ku nemi ɗan tabo mai dishi-dishi, dogo kaɗan. In ya ƙi fitowa, ku kalli gefensa kaɗan, gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Wannan shi ne abin da al-Sufi ya rubuta. In yaro ya tambaya, ku gaya masa hasken nan ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya.

Malaman makaranta, na boko da na allo, ku ma ga fili. Darasi ne da ba ya bukatar alli ko janareta. Dattawan Maigatari da kewaye kuma, waɗanda suka shaida faɗowar dutsen 2004, don Allah ku ba jikokinku labarin yadda abin ya faru, a rubuta shi tun kuna raye. Wanda ya fita ya ga tabon nan, ya aiko mana da saƙo, ya faɗi garinsu.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a.